Abin da Mai Magana Ya Haɗiye

Shekarar da fari ya koro ni daga ƙauyenmu na wajen Tawa, na sauka gidan gwaggona a unguwar Mawri, cikin Yamai. Niyyata guda ce: in ci konkur, jarrabawar shiga aikin gwamnati, in riƙa aika wa su Baba hatsi, don rumbunanmu tuni kaji suka maishe su ɗakin kwana.

A konkur ɗin akwai fannin da daɗinsa ya kusa zautar da ni. Wani tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, da ya koma sayar da alluna a kasuwar Katako, muna ce masa Mushe kamar yadda ake kiran malami da Faransanci, shi ke koya mana. Ranar farko ya ce, "Ɗan taksi ya wanke motarsa, saboda haka yau zai kwashi fasinja. Me mai maganar ya haɗiye?"

Na zabura na ce, "Ya haɗiye cewa akwai esansi, wato fetur, a cikinta, Mushe!"

Ya ce na dace. Har gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba.

Daga nan kowa ya ga takansa. Wani tela a kasuwar Wadata ya ce wandona zai yi kyau tunda yadin Kano ne, na ce ya haɗiye cewa ya iya ɗinki. Ya biyo ni da almakashi, ina gudu ina ƙyaƙyata dariya. Ranar da na taɓa jawabin sojoji na rediyo kuwa, Mushe ya murɗe mini kunne ya ce, "Wannan kai ma haɗiye shi." Gwaggo ta fi kowa shan wahalata. Ko miya ta ce ta yi, sai na tono mata abin da ta haɗiye, ita kuma ta ce Allah ya shirye ni.

Ana saura kwana kaɗan konkur, wasiƙar Baba ta iso. Na tsaya tsakar gida ina karanta wa Gwaggo da ƙarfi: ruwa ya sauka, ƙasa ta sha, in kwantar da hankalina, bana za su ci. Na ɗaga takardar sama ina taka rawa.

Gwaggo ba ta taɓa zama a aji ba. Ta ajiye muciya ta dube ni.

"Ɗan nan, ranar da ka zo ba kai ka ce mini sun daka irin shuka sun sha fura ba? To me za su shuka?"

Na sake bin wasiƙar layi-layi, har sau uku. Baba bai ambaci iri ba.