Wanda Aka Ci Shi Ke Biya

Shekara uku ke nan rabon da mahaifina ya karɓi sisin kwabo daga hannuna. Ba faɗa muka yi ba. Da faɗa ne ma da sauƙi, a tara dattawa, in durƙusa in ba da haƙuri, a wuce wurin. Rasit ɗin haraji ne ya jawo, kuma ni na kai masa da hannuna, ina washe baki kamar gonar auduga.

Gidan gem nake da shi a Sabon Gari, nan cikin Gusau. Shago ɗaya ne, talabijin huɗu, kowace da na'urarta ta wasan ƙwallo, sai benci biyu, da fanka mai kuka, da janareto da ya fi ni taurin kai. Samari ke zuwa, 'yan kabu-kabu da masu jiran lodi a tasha, su zauna bibbiyu kowa ya riƙe abin latsawa, su buga, su yi ihu, su biya, su tashi. Sana'ar ke nan, ba wani abu a ƙarƙashi.

Baba manomi ne a Tsafe, dawa da gero da 'yan dabbobi. Tun farko sana'ar ba ta kwanta masa ba. Yakan ce namiji da ƙafafunsa da hannuwansa ya zauna yana karɓar kuɗin wasa, abin da mamaki. Amma yana karɓar abin da na aika. Kuɗin taki, buhun shinkafa da azumi, yadin salla. Ya karɓa ya sa albarka, ko da albarkar gajeruwa ce.

Wata Laraba da hantsi masu haraji suka shigo layinmu, su biyu, ɗaya da littafin rasit, ɗaya da takardun mannawa. Kafin su ƙaraso labari ya riga su. Mai gidan gem ɗin da ke gaba da ni ya kwashe na'urori uku ya tura shagon tela, ya bar ɗaya yana zaune gabanta da fuskar maraya. Ni kuwa na fito da nawa duka huɗu na jere, har da wadda take ɗauke wuta in ta yi zafi. Maƙwabta suka ce lallai yau wane ya sha wani abu. Ba su san abin da nake nema ba. Takarda nake so, mai hatimin hukuma, wadda zan ajiye gaban Baba in ce ga shi, gwamnati ma ta san da aikina, har tana cin rabonta a ciki.

Suka ƙirga, na biya, suka manna wa kowace na'ura 'yar takarda, suka yago mini rasit. Na kai aka liƙe shi cikin roba don kada gumi ya ɓata shi. Ran Juma'a na hau mota sai Tsafe.

Bayan an sauko daga masallaci na same shi a zaure. Na gaishe shi, na miƙa. Baba ba ya karanta boko, sai ya juya takardar gaba da baya, ya yaba kyan robar, ya aika aka kira maƙwabcinmu, wani tsohon hedimasta da ya yi ritaya tun ina firamare. Dattijon ya shigo, ya sa tabarau, ya fara karantawa yana fassarawa. Sunana daidai. Unguwa daidai. Da ya zo kan layin da ya faɗi abin da aka biya wa harajin, sai ya tsaya. Ya dube ni ta saman tabarau. Ya miƙe ya koma gida, ya dawo da wani ƙamus da bangonsa ya rabu da shi tuni.

Kalmar da ke kan rasit ɗin 'yar'uwar gem ɗin nan ce da muke faɗa kullum, an ɗan ƙara mata wutsiya. Malam ya bi ta da yatsa har ya same ta, ya yi gyaran murya.

"Alhaji," in ji shi, "abin da aka rubuta nan, harajin injinan caca ne."

Na ce, "Haba Malam! Wace irin caca? Ƙwallo ce fa ake bugawa a talabijin!"

Ya ce shi dai ga littafi, ba shi ya rubuta ba. Kuma gaskiyarsa, ba ƙulli ya yi mini ba. Har yau in mun haɗu kunya yake ji.

Baba bai ɗaga murya ba, bai taɓa zama mai ɗaga murya ba. Ya miƙo mini rasit ɗin da hannu biyu, ya ce, "Riƙe abinka." Da zan tafi na ajiye masa kuɗi ƙarƙashin buzu yadda na saba. Ban kai tasha ba ƙanena ya cim mini a kan babur ya ce Baba ya ce na manta kuɗina.

Ran Litinin tun kafin a buɗe ofishin haraji ina ƙofa. Na shiga da zafina, na ce a canja mini wannan kalma, ta raba ni da ubana. Ma'aikacin da na samu mutumin kirki ne, ya bar ni na zazzage duka kafin ya yi magana. Ya ce, "Malam, fom ɗin haka ya zo. Duk wata na'ura da ake biyan kuɗi a yi wasa da ita, layinta ke nan. Ba ni da layin da aka rubuta ƙwallon talabijin." Na ce to ya rubuta da biro a gefe cewa ba caca ba ce. Ya yi dariya, ba ta raini ba, ya ce in ya rubuta haka a takardar hukuma shi ma sai ya nemi mai rubuta masa wata. Na fito ina zagin Turanci da wanda ya kawo shi.

Wata biyu na yi ina aike ana dawo da shi. Abin da ya fi ci mini rai, ba ni da wanda zan gaya wa. Samarin shago in na fara sai su fashe da dariya, su ce ai tsoho mutumin da ne. Abokaina na kasuwa kuwa sun ce in yi ƙarya kawai, in ce na koma sayar da caja da batir. Sai in zauna tsakiyar ihun mutum takwas, fanka na kuka, janareto na kuka, ni kaɗai da abin da ke cina.

Daga ƙarshe na tafi Bungudu wajen Gwaggo, yayar Baba, wadda ke aure can wajen Kwatarkwashi, gindin duwatsu. Ita kaɗai ce a duniya take kiransa da sunan yarinta ya amsa. Na same ta tana sussukar gero, na kwashe labari na gaya mata. Ta saurara, ta ce, "Kai ma dai da wauta. Ka kai wa mutum takarda, takarda ta yi maka shaidar zur, ka zauna kana kuka. Gani ya kori ji. Ɗauki abin naka ka kai mishi ya gani da idonai. Ni zan aika in ce ya zauna ya kalla, in ga ko ya ƙi."

Na ji kamar an sauke mini dutse. Asabar ta zagayo na rufe shago, na naɗe na'ura ɗaya cikin bargo, na rungumi ƙaramar talabijin a cinya tun daga Gusau har Tsafe, kwandasta na mita wai sai na biya kuɗin kujera biyu. Muka aro janareton mai aski. Bayan la'asar na haɗa komai a zaure, ni da ƙanena muka zauna muka buga, Baba na kan buzunsa da carbi.

Ya kalla fa. Tsakani da Allah ya kalla, har ya tambaya ko mutanen gaske ne a ciki. Da ƙanena ya zura mini ƙwallo sai da na ga gefen bakinsa ya motsa. Zuciyata ta ce an gama, yau zan kwana da sauƙi. Wasa ya ƙare, an ci ni biyu da nema.

Baba ya ce, "To. Wanda ya ci, mi yaka samu?"

Na ce, "Ba komai, Baba. Ko kwabo. Daɗin ci kawai."

Ya gyaɗa kai. "Madalla. Kuɗin wasan fa, su biyu ka biya?"

Da na san inda tambayar ta dosa da na ciji harshena. Amma abu ne da nake yi kullum, ban taɓa tsayawa na dube shi ba, sai bakina ya riga ni. Na ce, "A'a, wanda aka ci shi ke biya. Haka ake yi ko'ina."

Baba ya daina jan carbi.

"Mutum biyu su zauna," in ji shi a hankali, "ba wanda ya san wa za ya ci. In an tashi, guda ya tahi da kuɗinai cikin aljihu, guda ya biya na mutum biyu. Kai da ka yi makaranta, hwaɗa mani sunan wanga abu."

Na so in ce ai kuɗin wuta ne da hayar na'ura, na so in ce akwai malaman da ba su ga laifinsa ba, na so in ce abubuwa da yawa. Ko ɗaya bai fito ba. Ƙanena ya sunkuyar da kai yana wasa da waya. Na kashe janareto, na naɗe kayana cikin bargo, na koma tasha.

Washegari na rubuta da alli a ƙofar shago cewa daga yau kowa ya biya rabinsa, a ci ka ko ka ci. Kai, ka ga tsiya! Wani ya ce in ba a biyan kuɗin kaye, ina daɗin wasan? Wani ya ce ustazanci ya kama ni. Ɗaya bayan ɗaya suka koma gidan gem ɗin gaba, wajen mai fuskar maraya. Ina zaune ina jiyo ihunsu ta bango. Wata rana tun safe har azahar ba wanda ya leƙo sai mai sayar da rake, shi ma inuwa ya zo sha. Nakan kunna na'ura ɗaya in buga da ita kanta, ta ci ni, in kashe.

Na je na gaya wa Baba na canja. Ya ce Allah ya yi albarka, kuma a wannan karon albarkar doguwa ce. Na ɗauka an wuce wurin, na fito da kuɗi. Ya ce in bari tukuna, shagon da na'urorin ai da kuɗin da aka tara ta waccan hanya suka ginu, shi zuciyarsa ba ta natsu ba. Tukunan nan har yau ba ta ƙare ba. Masu haraji kuma duk shekara suna zuwa, in jere musu huɗu su ƙirga, su yago rasit da kalmar nan daram a kai. Yanzu ba na kai shi a liƙe.

Bara da damina ciwo ya kwantar da Baba, aka kawo shi asibiti nan Gusau, aka ce sai an yi aiki. Na ja ƙanena gefe na danƙa masa kuɗin, na ce ya ce nasa ne, na kabu-kabun da yake yi. Ya shiga ina tsaye bayan labule ina ji. Baba ya tambaye shi sau ɗaya tak, "Akwai na yayanka ciki?" Ƙanena ya kasa yi masa ƙarya. Baba ya ce a koma Tsafe a kama sa guda cikin shanun huɗa a kai kasuwa. Ana tsakiyar noma, shanun biyu ne kacal.

Raina ya ɓaci, na yaye labulen na shiga. Na ce, "Baba, ni ba ɗanka ba ne? Sai ka rasa noman bana a kan kuɗin da ke hannuna?" Sai ga ni ina hawaye, ni da 'ya'yana biyu a gida.

Ya dube ni. Sannan ya matsa da ƙyar, ya buga gefen gadon da tafinsa.

"Ɗana ne kai mana," in ji shi. "Zo zauna nan kusa da ni. Wanga ba sai da kuɗi ba."

Na zauna. Babu wuta, ɗakin da zafi, na ɗauki mafici ina yi masa fifita har barci ya ɗauke shi. Ƙanena ya zura mini kuɗin a aljihu ya fita neman motar Tsafe.