Sulallan 'Yarsa

Gyaran agogo ya kawo wata tela kasuwa, aka ce ta jira. Daga benci take hango wani dattijo a shagon da ke kallonsu, siriri, tabarau ɗaure da zare, farar safa a hannu. Gabansa kwanon gilashi ne da wani ruwa mai warin abin goge jan farce. Ya bar ƙofa da taga a buɗe.

Tsofaffin sulalla yake zarowa daga ledojin da suka bar musu wani kore mai danƙo. Yana kama kowanne ta gefe, ya tsoma, ya jira, ya kwantar a tsumma ya bushe da kansa. Wani mai shan taba ya matso, dattijon ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Malam, ja baya, wuta yake kamawa."

Ta ɗauka tsohon malamin makaranta ne, ko wanda ya sha yawon duniya. Ta kasa haƙuri.

"Baba, ai da ka dirje su da sun fi ƙyalli."

"Ba a dirzawa, lalacewa suke. Haka ta ce."

"Wa?"

"'Yata, Allah ya ji ƙanta. Tun tana firamare take tarawa." Ya sa ɗaya a 'yar ambulan, ya tsaya da biro a hannu. "Ita ta san ƙasashensu. Ni dai lamba nake sa musu."

Ya rubuta lambar, ya ɗauko na gaba.