Kyamarar Da Na Saya A Tafo

Bayan rasuwar maigidana, yara duk suka watse, biyu a Ankara, ɗaya a Tamale. Ni kaɗai na rage a ɗakinmu na Ayigya Zango, gidan haya cike da ɗalibai waɗanda ba ruwansu da kowa. Don in sami abin da zai fitar da ni waje na sayi kyamara. A Tafo na same ta, wurin wani mai sayar da kayan gwanjo da ake shigowa da su ta Lome. Ya ce daga Turai take, mai ita ya sake sabuwa. Ban tambayi komai ba bayan haka.

Ta riƙe ni sosai. Mata sun fi sakin jiki da mace, don haka ko'ina ake biki ko suna, daga Asawase har Aboabo, ni ake kira. Ina shiga har ƙuryar amarya ana yi mata lalle. Da yamma in hau trotro, motar haya, in dawo, in zauna ina duba fuskokin mutane a bayan kyamarar, ɗakin ya ɗan rage faɗi.

A wani biki a Asawase, wan amarya da ya zo daga Faransa ya roƙi in ba shi ya gani, shi ma ma'abocin hoto ne. Ya juya ta, ya karanta lambar da ke ƙasanta, ya latsa wayarsa. Sai ya ɗago ya dube ni.

"Mma, a ina kika saye ta?"

Na gaya masa.

"An sa lambar nan cikin kayan da aka sace. A wani gari kusa da inda nake zaune."

Ban iya ƙarasa aikin ranar da daɗin rai ba. Washegari na koma Tafo. Mai shagon ya rantse shi ma saya ya yi a hannun wani, wancan kuma a hannun wani a Kwatano. Na yarda da shi, don ban ga alamar ƙarya a fuskarsa ba.

Na je wurin wani lauya, abokin marigayi. Ya ce, "Hajiya, a nan Ghana wanda abu ba nasa ba ne ba ya iya sayar miki da shi. Amma kyamarar nan ta ratsa ƙasashe, wasu cikinsu dokarsu tana kare wanda ya saya bai sani ba. Gaskiya, ba wanda zai biyo ki." Malamin unguwarmu kuwa bai ja magana ba. Ya ce ba ni da zunubi, amma kaya na mai shi ne.

Na yi makonni kyamarar tana cikin akwati. Ba wanda zan yi shawara da shi. Da na kira babbar 'yata, cewa ta yi in bar wahalar da kaina, ta kashe waya don tana wurin aiki.

Wan amarya ne ya nemo mai kyamarar bayan ya koma, ya haɗa mu a waya muna ganin juna, yana yi mana tafinta. Wani tsoho ne, zaune a kicin shi kaɗai. Ya ce ta matarsa ce, an fasa motarsu aka ɗauke, ita kuma ta rasu bara. Bai ce in mayar ba. Tambayata ya yi me nake ɗauka da ita. Na nuna masa amare da jarirai. Ya daɗe yana kallo, yana gyaɗa kai.

Na ce a gaya masa zan aiko. Ya ce ba dole ba ne. Na ce na sani.

Wata mata mai tafiya Faransa na ba wa, na naɗe ta cikin sabon zane. Tsohon ya aiko da godiya sau ɗaya, daga nan ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Ban sayi wata ba, yanzu kowa da waya yake ɗauka. Har yau ana gayyata ta biki, amma a tsakar gida nake zama cikin tsofaffi, in ci shinkafa, in tashi kafin la'asar in nemi mota.