Gatanar Kaka da Abin Kunne Huɗu

Shekara da shekaru na yi ina roƙon Kaka ta bar ƙauyenmu da ke bayan Alela ta dawo wurina a Ƙonni, kusa da likita. Idonta ya yi yana, haske da inuwa kawai take gani, ga hawan jini. Da ƙyar da jiɓin goshi ta yarda, amma ko da ta zo ba ta taɓa kwance ƙullin kayanta duka ba. Kowa a gidan ya san ƙiris take jira ta ce a kai ta tasha, ni kuma aikina kullum shi ne kada a ba ta wannan ƙiris ɗin.

Abin da ta fi mita a kai shi ne tele, wato talabijin. Da an yi magariba, yarana uku da babansu sai su jeru a falo su ƙure murya, ita tana kan tabarmarta a bakin ƙofa tana faɗa. "Ku rage wanga abu! Mutanen ga na ciki ba su gajiya da kuwwa? Mi anka yi musu?" Yara su mayar mata, ta rama, a yi ta yi. Ni da na wuni ina fama da 'yan lakwal a makarantar da nake koyarwa, kaina kamar ya tsage.

Sai ƙanena Mamman, wanda ba a taɓa kai masa kuka bai ce akwai na'urar abin ba, ya zo da wani baƙin akwati da bai kai sabulu girma ba. Ya soka shi a bayan tele, ya zazzage abin sawa a kunne guda huɗu, irin masu rufe kunne ruf, babu waya ko ɗaya a jikinsu. "Yaya Rabi, an gama," in ji shi. "Akwatin ga shi ka ɗaukar muryar tele, shi aika ma kowa tashi cikin kunne. Kaka ta huta, ke ki huta."

Hutu ina! Na ɗaya ya kama, na biyu ya ƙi. A lallaɓa na biyu, na ɗaya ya saki. Na autata Nana makara yake yi, sai mutum ya rufe baki sannan maganarsa ta iso, ta yi ta kuka wai an ba ta marar kyau. Da abin ya zauna daidai, gidan ya yi tsit har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambayar ko lafiya. A kwanakin nan Kaka na kwance a ɗakinta, sabon magani yana sa ta barci, don haka ba ta san wainar da ake toyawa ba. Ni ma ban ga dalilin yi mata bayani ba.

A hannun tsohuwar nan na tashi. Lokacin sanyi, bayan an kai hatsi rumbu, takan hura wutar kara a tsakar gida da an ci tuwo, mu jikoki da yaran maƙwabta mu kewaye ta muna binne gujiya a toka. Ba ta fara gatana, wato tatsuniya, kai tsaye. Sai ta gyara murya ta ce, "Ga baƙuwa ta iso, wa ka buɗa mata?" Mu kuma mu ce, "Mun buɗa, ta shigo!" In ko mutum ɗaya bai amsa ba, to za ta zauna tana tsokanar wuta da tsinke har mu gaji. Ga ta da tsayawa a daidai wurin da ya fi daɗi ta ce, "Rabi, mi nic ce?" Kai, mun sha takaici, amma ba wanda ke tashi.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta wata mata mai son barci. Matar nan ta tsani ƙarar turmin maƙwabta da asuba. Ta jefi zakara, ta ɗaure bakin akuyarta da tsumma, ta nannaɗe taɓaryarta da zane don kada ta tashi kanta da kanta. A nan mukan kwanta da dariya. Da duk bai yi mata ba, sai ta tuge bukkarta ta yi ta matsawa daji har inda ba ta jin kowa. Ta yi barcinta son ranta. To, a garin, in turmin mace bai yi ƙara da safe ba, maƙwabta sukan shiga su duba ta. Ita nata an daɗe ba a ji, babu wanda ya rasa shi. Zazzaɓi ya kwantar da ita, ta yi kira har muryarta ta dushe. Sai da angulaye suka yi ta kewaya wurin, sannan mutane suka tuna da ita.

Ranar da Kaka ta ji ƙarfi, ta lallaɓo ta zauna a tabarmarta. Ina madafa ina tuƙa tuwo, ba na ganin falo, sai na ji muryar nan da na rabu da ji tun ina budurwa: "Ga baƙuwa ta iso, wa ka buɗa mata?" Ta ji shiru, ta ga inuwar yara a jere, ta ɗauka an kashe tele ana jiran ta. Ni kuwa bakina ya riga ni, na amsa ta taga, "Mun buɗa, ta shigo!" Wallahi na zaci sun cire abin kunnen, har na ce a raina ashe yaran nan suna da hankali.

Ta kama gatanar mata mai barci. Da ta iso wurin ɗaure bakin akuya, yaran suka fashe da dariya gaba ɗaya. Muryarta ta ƙara ƙarfi, har tana kwaikwayon kukan akuyar. Ta kai matar daji, ta kwantar da ita, ta rage murya yadda take yi, ta ce angulaye sun taru. Sai falon ya sake kecewa da dariya, babansu har yana buga cinya.

Na ajiye muciya na nufi falo. Kafin in iso, Kaka ta miƙa hannu ta lalubi kan Nana, ta ji abu mai tauri ya rufe kunnuwan. Yarinyar ko waigowa ba ta yi ba, ta ture hannun kawai.

"Mine ne wanga bisa kan ɗiyar ga?"

Na yi mata bayanin akwati, na ce don ta huta aka kawo shi.

"To, wa yab buɗa min?"

"Ni ce, Kaka, daga madafa."

"Ke ai kin san ta," in ji ta. Ta naɗe tabarmarta da kanta.

Daren nan ban bar kowa ba. Na fizge abin kunnen ɗaya bayan ɗaya, na wanke Mamman tas ta waya, na ce wa maigidan shi da ya girma ai sai ya bar kunne ɗaya a buɗe. Na koma kan Kaka, wadda ta riga ta ce a kai ta tasha, ina haɗa ta da Allah, ina tuna mata da likita, har na ce ba ita ce kullum ke cewa a rage ba? Ta ce, "Da ina hwaɗa suna maido min, Rabi. Yanzu kin sa ni magana da bango. Can gida in ni yi tari, ko akuya tana waigowa."

Ina yarinya, na ɗauka darasin gatanar nan shi ne kada mutum ya kwana daji shi kaɗai. Ban taɓa kawo wa raina cewa faɗan da Kaka ke yi da tele shi ne hirarta da mu ba, kuma shi ne kaɗai wurin da ake amsa mata a gidan. Abin da ya fi ƙona min rai, na ji gatanar nan sau ba adadi, amma ni ce na ce wa Mamman ya kawo.

Ranar kasuwa muka kai ta tasha, maganinta a leda, ban san wanda zai riƙa tuna mata sha ba. Tun a gida na yi wa yara huɗuba su ba ta haƙuri. Da ta zauna a mota, na tura Nana bakin taga na ce, "Ce wa Kaka ta zauna ta sake yi muku gatanar."

Na ga Kaka ta karkato kunne tana jira. Nana ta ɗaga kai ta dube ni ta ce, "Mama, wace gatana?"

Kaka ta gyara mayafinta ta ce wa direba, "Yaro, in ka cika mu tahi."