Giwar Tanko da Tsohuwar Tarakta

Gidanmu na unguwar PK5 ba shi da zaure, tsakar gida ce kawai da bishiyar mangwaro ɗaya. A gindinta Kaka take hura wuta bayan magariba, ta ɗora tukunyar ganyen rogo, mu jikokinta mu kewaye ta. Itacen damina ɗanye ne, hayaƙinsa yana sa mu hawaye, amma ba mai tashi. In ɗayanmu ya yi mata tambaya da Sango, sai ta yi kamar ba ta ji ba har ya maimaita da Hausa. Ni Maigida take kirana, don sunan mijinta na ci.

"Maigida, gyara itacen nan," takan ce. "Ga tatsuniya ta iso bakin ƙofa, ku ba ta wuri."

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta wani manomi, Tanko. Ciyawa ta fi ƙarfinsa, sai ya tafi kasuwar dabbobi neman mai taimako. Duk dabbar da ya tarar, tambayarsa ɗaya: me kike iyawa? Jaki ya ce shi kaya yake ɗauka, a hankali. Sa ya ce yana huɗa, amma yana son hutu. Giwa ta ce gonar duka aikin hantsi ɗaya ce a wurinta. Tanko ya koma gida da giwa, gari ya fito kallo. Ta yi sharar gona, ta tumɓuke kututture, kowa ya yi sha'awa. Ana tsakiyar shuka ciwon ciki ya kama ta, ta kwanta a kan kunyoyi. Ya zaga gari kaf, akwai mai maganin jaki, akwai mai maganin sa, ba wanda ya taɓa duba giwa. Nan ta kwanta har damina ta wuce, ba ta tashi ba, ba ta kuma ɗaguwa.

Muka yi ta dariya. Kaka ba ta yi ba.

"Ya tambaye ta abin da take iyawa," ta ce, tana juya miya. "Bai tambayi wa zai yi jinyarta ba. Ta ƙare, ku tashi ku wanke hannu."

Yanzu na haura hamsin. Ina da 'yar gona a hanyar Mbaiki, rogo da masara da itatuwan lemo. Shekarun da rikici ya tsare mu cikin unguwa ban taka ta ba, da na koma ciyawa ta kai mini kafaɗa. Na sare ta da adda, bayan sati uku ta dawo kamar ban yi komai ba. Bayana ya daina yafe mini. 'Ya'yana biyu suna Kamaru, ba su da niyyar dawowa. Ko in samo ƙaramar tarakta, ko in bar wa daji gonar.

Wani ɗan kasuwa a titin Koudoukou ya nuna mini sabuwa a wayarsa, ja, mai kujera mai laushi. Tana yanke ciyawa, tana huɗa, tana jan amalanke cike da rogo. Ya ce daga Douala za a kawo. Kwana uku ina kallon hoton.

Na je na nuna wa Firmin, bakaniken unguwar Miskine da yake gyara mini mota tun muna samari. Ya daɗe yana dubawa.

"Tana da kyau, Alhaji," ya ce da Sango. "Amma ban taɓa buɗe irinta ba. In bel ɗinta ya tsinke a watan ruwa, Douala za ka aika, ka zauna jira."

Ya kai ni bayan garejinsa ya yaye wani tamfol. Tsohuwar tarakta ce, fentinta ya koɗe, kujerarta ƙarfe. Ba ta da sauri, huɗarta ma ba zurfi.

"Wannan kuwa, ko a duhu na san kowace ƙusa tata. Kayanta suna nan kasuwa."

Ita na ɗauka, ba da murna ba. Ranar farko na yanke rabin ciyawar, na jawo itacen girki amalanke ɗaya, sai ta yi tari ta mutu a tsakiyar gona. Na sauko na zauna a inuwar lemo, na kira Firmin. Kafin la'asar ya iso a kan babur da jakar sifana, ya tashe ta.

Da ina yaro na ɗauka Kaka tana zargin Tanko da kwaɗayi ne. Sai a inuwar nan na ga ba haka ba. Ta riga ta san komai yana kwantawa wata rana, dabba da inji da mai su. Na daina neman abin da ba ya lalacewa, wanda ke da mai gyara kusa nake nema. Tarakta ta sami nata. Da na miƙe ina dafe da ƙugu, na tambayi kaina wa zai yi jinyata ni, sai na hau taraktar na ƙarasa ciyawar.