Tatsuniyar da Ta Raba Gandunmu

A ƙauyenmu da ke gefen Kafur, gandu ɗaya muka tashi muka tarar: gona ɗaya, rumbu huɗu, tukunya ɗaya. Kakarmu Iya ce uwar mazan gidan uku, Baffa Isa babba, sai Babanmu, sai auta Baffa Ado mai kai hatsi kasuwar Funtuwa. Lokacin sanyi, da an idar da isha'i, mu jikoki mu taru a ɗakinta. Ta tura kara a wuta, ta zube mana gyaɗa a faifai, don Iya ba ta ba da tatsuniya kyauta. "Hannu na ɓara, baki na buɗewa," in ji ta.

Shekarar da siyasa ta dawo, mazan nan suka daina cin tuwo a kwano ɗaya. Baffa Isa na tare da masu cewa a bar komai yadda iyaye suka bari, babba ya riƙe, ƙarami ya bi. Babanmu, da kullum rediyo na kunnensa, ya ce ƙasa ta mai noma ta ce, abin da ta bayar a raba daidai. Baffa Ado kuwa so yake kowa ya kama gonar kansa, abin da guminsa ya ba shi nasa ne. Sai da na shiga sakandare a Malumfashi na ji malami na kiran waɗannan abubuwa da ra'ayin riƙau, gurguzu da jari-hujja. Mu a gida, gaba muka san su da ita, kuma kowa ya san gandun ne ke lilo.

Ran nan Iya ta ce, "Ga wata nan tafe, ku matsa mata." Muka ce, "Ta shigo."

Wai a wani gari aka yi fari, rijiya ɗaya ta rage, ta wasu 'yan'uwa uku. Babban ya ce guga ya zauna a hannunsa kamar yadda ya zauna a hannun ubansu, shi ya san gidan da ke da maijego da gidan da ke da mara lafiya. Na tsakiya ya ce a'a, kowa tulu ɗaya, da mai gari da mai kiwon awakinsa. Ƙaramin ya ce shi ya kwana yana tufka doguwar igiya, me zai sa ya sha daidai da wanda ya kwana yana minshari? Sai Iya ta tsaya, ta dube mu. "To, 'yan nema, wa za ku bi?"

Hansatu 'yar Baffa Isa ta ce babban mana, ai na gaba idon na baya. Sani ɗan Baffa Ado ya ce mai igiya, ya ƙara da cewa, "Na tsakiyan nan malalaci ne, irin Baban su Rabi, so yake ya ci gumin wani." Rabi ni ce. Allah Ya yafe mini, ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Ubanka ne mai danne mudu a kasuwa! Ke kuma Baba ya ce ubanki azzalumi ne, ya mai da ƙannensa bayi!"

Hansatu ta watsa mini ɓawon gyaɗa a ido, na kama kitsonta. Iyayenmu mata suka fito, kowace ta finciki nata tana habaici. Baffa Isa, da ashe yana tsaye a bakin rumbu, ya ƙwala wa Babanmu kira. "Garba! Zo ka maimaita abin da ka koya wa 'yarka." Babanmu ya fito ya ce, "Yaya, ban koya mata ba, amma ba ta yi ƙarya ba." Iya na cewa, "Ku ji tsoron Allah, tatsuniya ce!" Babu wanda ya waiwaye ta.

Kafin saukar damina an kira dattawa, an auna gona da igiya, an ja dangar kara, gida ya rabu uku. Kowa ya sami abin da yake so a cikin shingensa. Iya ce kawai ba ta faɗa rabon kowa ba. Aka sa mata tuwo na karɓa-karɓa, mako-mako, kuma ranar da za a canja hannu sau da yawa kowane gida ya ce ba nasa ba ne. Na sha tarar da ita da safe, akushinta a kife, ta ce mini wai azumi take.

Bayan na yi aure na tambaye ta yadda tatsuniyar ta ƙare. Ta ce, "Ba ta da ƙarshe, Rabi. Ni na ƙaga ta don ku kai wa iyayenku. Ashe ku kun riga kun ɗauko tasu."

Yau 'ya'yana maza sun girma, suna wannan musun a tsakar gidana da manyan kalmomi. Nakan ji kowa da 'yar gaskiyarsa, kamar yadda Babanmu da 'yan'uwansa suke da ita, amma har yanzu zuciyata ba ta huce da ko ɗayan ukun ba. Ba na hana 'ya'yan nawa musu. In dai na ga jikata ta tsaya tana kasa kunne, sai in ajiye abin da nake yi, in kama hannunta mu shige ɗaki.