Kabirou Younoussa, Mai Zana Duniyoyi a Hajara

Mu na Allah ne, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Mayu 2024, jim kaɗan bayan la'asar, 'yan bindiga suka kashe Kabirou Younoussa, mutumin Tasawa, a shagon buga hotuna da alluna na Alhaji Zuhair da ke unguwar Hajara, can ƙetaren hamada a ƙasar Larabawa. Ni Hamidou mai fenti, abokin ɗakinsa shekara huɗu, a gabana aka yi.

Kabirou, da ɗaukar bulo ka fara a garin nan kamar kowa. Alhaji Zuhair ya ga yadda kake gyara hoto a wayarka, ya zaunar da kai gaban kwamfuta. Ka yi allunan shaguna, ka wanke tsofaffin hotunan iyayen mutane da ruwa ya ɓata, amma abin da ranka ke so shi ne duniyoyin sama.

Wata malama, Halimatu Sa'adiya, mai koyar da 'ya'yan 'yan Nijar a wani ɗaki bayan kasuwa, ta roƙe ka zanen duniyoyin da ke kewaya rana, don ta liƙa a bango. Ka ce sadaka za ka yi. Na ga yadda ka haɗa Mirrihi, jar duniyar nan. Ka ɗauki hoton tsatsar ƙofar ɗakinmu, ka zuba shi a manhajar gyaran hoto, ka yanke da'ira, ka kumbura ta har ta zama ƙwallo. Ka saukar da inuwa a gefe ɗaya, ka shafa ɗan haske a bakin ɗaya gefen, ka watsa taurari a baƙin fili. Na ce, "Kai ƙanena, ƙofarmu ce fa!" Ka yi dariya har da tari. Don duniyar Mushtari kuwa bokitina na fenti ka ara, wanda fari da ruwan ƙasa suka cakuɗe a ciki. Har yau ba ka mayar ba.

Ran Talatar kana kan zana zoben duniyar Zuhal, ni kuma na biyo daga wurin aiki ina kallo. Mota ta tsaya a ƙofa, mutum uku suka shigo da bindigogi. Babbansu ya jefa katin tuƙi a kan tebur, ya ajiye hoton ɗaya daga cikinsu a gefe, ya ce da Larabci a cire fuskar da ke katin a sa wannan, yanzu. Akwai busasshen jini a kusurwar katin.

Ka ɗaga shi, ka daɗe kana dubawa. Ka ce mini da Hausa, "Yaya Hamidou, Djibo ne." Djibo direban da ya kawo ka daga Agadas, wanda ya raba ruwansa da kai lokacin da motarku ta kafe a rairayi. Kwana shida ana nemansa. Ka leƙa waje, ka ga motarsa ce suka zo da ita.

"Ina mai katin?" ka tambaye su.

"Yi aikinka, baƙo."

"Ba zan goge fuskar wannan mutum ba."

Ɗaya ya danne hannunka na dama a kan tebur, ɗaya ya sauke gindin bindiga a kai sau uku. Na ji ƙarar ƙashi. Na yunƙura, aka sa mini bakin bindiga a wuya, aka haɗa kaina da bango. Babban ya ce ai da hagu ma ana aiki. Ka tura katin cikin aljihun rigarka, ka girgiza kai. Ya harbe ka sau biyu a ƙirji, ya harbi kwamfutar, ya zaro katin daga aljihunka, suka fita ba ko gaggawa.

A cinyata ka cika, kana kalmar shahada. Ni ban ce musu komai ba, Kabirou. Tsoro ya kulle mini baki, kuma ina kwana da wannan ina tashi da shi. Ka yafe mini.

Alhaji Zuhair ya wanke jinin da hannunsa, bai bar kowa ya taɓa ba. Mun yi maka sutura washegari. Masu gini suka bar aiki, direbobi suka ajiye motoci, sahu ya kai bakin titi. Bayan kwana biyu aka tsinci gawar Djibo a hanyar garin Tamanhint, muka binne shi kusa da kai.

Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Ouma da ke Tasawa, da matarka Yasmina, da 'yarka Mariam wadda a waya kawai ka san ta, da iyalan Djibo. Inna, ɗanki bai ci amana ba. Allah Ya jiƙan su biyun, Ya yalwata makwancinsu, Ya karɓi shahadarsu. Waɗanda suka yi wannan ba mu san sunayensu ba, amma Kai Ka sani, ya Allah. Mun bar su a hannunKa.